Shin Sai An Ɗaure Mai Taɓin Hankali?

Wani mai sauraronmu daga Funtuwa ya aiko da takarda, ya ce ƙanensa ya sami taɓin hankali, dangi kuma sun dage a sa shi a mari kada ya yi wa wani lahani. Yana tambaya ko akwai wata hanya ban da ɗauri.

To malam, Allah ya ba shi lafiya. Ai wannan tambaya taka ta daɗe. A zamanin Turawa kulle aka sani. An buɗe gidan mahaukata na Yaba a Ikko a 1907, a 1916 kuma aka kafa dokar tsare su, wasu ma gidan yari aka kai su. Jama'a sun huta da fargaba, amma marar lafiya ya rasa gidansa da sana'arsa da mutuncinsa.

A 1954 sai Dokta Thomas Adeoye Lambo, wanda ya yi karatun likita a Ingila, ya fito da wata dabara a Aro, kusa da Abeokuta. Ya shawo kan mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti suka ba marasa lafiya hayar ɗakuna. Sharaɗin shi ne kowa ya zo da ɗan'uwa, uwa ko ya ko ƙanwa, mai yi masa girki da sa masa ido. Da safe a je asibiti shan magani, da yamma a koma ƙauye. Ma'aikatan jinya kuma suna nan kusa dare da rana. Ka ga ke nan ba sakaci aka yi ba, idon dangi da na ma'aikata ne ya maye gurbin sarƙa. Wannan aiki ya yi suna a duniya, har Lambo ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988.

A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar doka a Nijeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma kare haƙƙin masu wannan lalura.

Saboda haka malam, ku kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, akwai na Barnawa a Kaduna. In yana barazana ga kansa ko ga wani, kada ku jira gobe, likita zai kwantar da shi har ya lafa. In ya dawo gida, a kula da maganinsa, a ci abinci da shi, a bar shi ya koma sana'arsa sannu a hankali.