Labarin Larabawan Dandali A Birnin Kano

Mutanen ƙasar Kabi sun san kufai. Ga ganuwar Surame ta duwatsu, birnin Kanta, tana nan a daji ba kowa ciki. Ga tsohon Birnin Kebbi wanda Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci da yaƙi cikin 1805, har sarautar Kabawa ta koma Argungu daga baya. Amma akwai wata irin mutuwar gari wadda ba yaƙi ke kawo ta ba, ba kuwa gobara ko annoba ba. Gidaje suna nan tsaye, mutane suna shiga suna fita, amma abin da ya tara su tun farko ya tafi. Irin wannan ce ta sami wata unguwa a birnin Kano, ba nisa da kasuwar Kurmi, wadda a ke kira Dandalin Turawa.

Kada mai karatu ya ji sunan ya zaci Turawan Ingila a ke nufi. A zamanin da, Hausawa su kan kira farin mutum mai zuwa daga arewa Bature, watau Balarabe, mutanen Turai kuwa Nasara a ke ce da su. Turawan Dandali fatake ne na Tarabulus da Gadamus da Fezzan, wuraren da ke cikin ƙasar Libiya ta yau. Mutanen Gadamus ma suna da harshensu na gida dabam da Larabci, amma da ya ke da Larabci su ke rubutu da ciniki, sai Kanawa suka haɗa su duka suka kira su Larabawa.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Yakubu, wanda ya yi sarauta daga 1452 zuwa 1463, waɗansu Larabawa suka zo, waɗansu suka zauna Kano, waɗansu Katsina. Ɗansa Muhammadu Rumfa ya kafa kasuwar Kurmi, baƙi suka sami wurin baje kayansu. Amma baƙon ɗan kasuwa ba ya zama inda a ke matsa masa. Sa'ad da Sarki Kumbari, wanda ya hau cikin 1731, ya tsananta karɓar kuɗi a kasuwar Kurmi, sai Larabawa suka kwashe suka koma Katsina. Bayan jihadi kuma, da Katsinawan Maraɗi suka dinga kawo hari, hanyoyin Katsina suka ɓaci, sai suka sake juyowa Kano. Daga nan ne unguwarsu ta kai matuƙar albarkarta.

Matafiyi Clapperton ya iso Kano cikin 1824, wani Balarabe mai suna Hat Salah ne ya karɓe shi ya sama masa masauki. Dr. Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya zo cikin 1851. Ya ƙiyasta mutanen birnin sun kai 30,000, amma da rani, lokacin saukar ayari, su kan riɓanya. Ya ga gidajen Larabawa a wajen Dala, gine-ginen ƙasa masu bene. Ya ce kowace shekara a kan kai tufafin Kano kimanin kayan raƙumi 300 zuwa Tambutu, sai sun bi ta Gat tukuna saboda tsaron hanya.

Tsakanin Kano da Tarabulus kusan mil 1,500 ne. Ayari ya kan tashi daga bakin teku ya bi ta Gadamus da Gat, ya ratsa duwatsun Asbin, ya sauko Damargu da Damagaram, sa'an nan Kano. Abzinawa ke da raƙuma, su ne kuma suka san rijiyoyi, saboda haka tilas a biya su lada da kuɗin hanya. Tafiya da komowa ta kan cinye shekara guda ko fiye. Irin wannan fatauci ba ya yiwuwa sai da amana. Attajirin Tarabulus ya ba da kaya bashi, ba zai ga kuɗinsa ba sai baɗi ko baɗin baɗaɗa. Don haka gida ɗaya ya kan rarraba 'ya'yansa, wa yana Gadamus, ƙane yana Damagaram, ɗa yana Kano, wasiƙu suna kai da kawowa a hannun madugai. Da ya ke duka Musulmi ne masu bin mazhabar Maliki, in rigima ta tashi alƙalin Kano ya kan raba ta da littafin da alƙalin Gadamus ya sani.

Abin da su ke kawowa shi ne alharini, da alkyabba, da jar dara, da turare, da allura, da madubi, da takubba na ƙasar Jamus, da farin yadi na Ingila, da duwatsun wuya na birnin Fenis a Italiya. Daga Italiya kuma takardar nan mai hoton wata uku ta ke fitowa, wadda malamai suka rubuta Alƙur'ani da littattafan Shehu a kanta. Abin da su ke komawa da shi kuwa shi ne turkuɗi da kore, da takalma, da hauren giwa, da gashin jimina, da jar fata. Fatun nan yawancinsu na jar akuyar ƙasar Sakkwato ne. Su kan ƙetare hamada har Turai, a can a rufe littattafai da su, a kira su fatar Maroko, alhali kuwa akuyar ba ta taɓa ganin Maroko ba.

Akwai kuma wata haja da ba ta kamata a ɓoye ba, watau bayi. An kora maza da mata da yara da ƙafa cikin rairayi, da yawa ƙishirwa ta kashe su a hanya. Wanda ya karanta littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya san irin baƙin cikin da ke cikin wannan tafiya. Wani kashi na dukiyar Dandali da hawayen waɗannan bayin Allah aka tara shi, jikokinsu kuwa suka wanzu a Gat da Gadamus, suka kai Hausa can.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma waɗannan baƙi sun daɗe har suka yi saiwa. Da ya ke yawancinsu ba su zo da mata ba, sai suka yi aure a Kano, 'ya'yansu suka tashi da Hausa a baki. Daga ɗakunan girkinsu ne Kanawa suka saba da abincin alkama, irin su gurasa da alkaki da algaragis. Sarki da hakimai su ne manyan masu sayen kayansu, don haka suna da shiga a fada.

Raguwar ba rana ɗaya ta zo ba. Cikin 1857 Sarkin Musulmi na Istanbul, wanda Tarabulus ke ƙarƙashinsa, ya hana cinikin bayi, ko da ya ke an ci gaba da shi a ɓoye. Sa'an nan manoman Afirka ta Kudu suka koyi kiwon jimina a gida, gashinta ya yawaita a Landan, wajen 1885 kuɗinsa ya faɗi. Faransawa suka ci Damagaram cikin 1899, tsohon shirin da ke tsakanin fatake da Abzinawa ya rikice, 'yan hari suka yawaita. Cikin Fabrairu 1903 Ingilishi suka ci Kano, kasuwar bayi ta mutu. Duk da haka ayari bai daina zuwa ba, gama Turai da Amurka suna neman fata.

Shekarar 1911 ita ce ta karya bayan raƙumi, ta kuwa kama hanyar ta kai biyu. A kudu, hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano daga Baro, cikin 1912 aka haɗa ta da ta Ikko, mil 700 da 'yan kai. Kayan da raƙumi ke ɗauka wata da watanni, jirgi ya kawo shi cikin 'yan kwanaki, da araha, ba tsoron ɗan hari. A arewa kuwa, cikin Oktoba na wannan shekara, sojan Italiya suka sauka Tarabulus suka ƙwace ta daga hannun Turkawa. Yaƙi ya ɓarke, bai kwanta ba sai bayan da suka rataye Umar al-Mukhtar cikin 1931. A tsakiyar hanya kuma Kawusan ya ta da tawaye a Agadas cikin 1916, Faransawa suka murƙushe shi cikin 1917, Abzinawa masu yawa suka watse, raƙumansu suka halaka.

To, in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Waɗansu Larabawan suka fara aiko da kayansu ta teku zuwa Ikko, waɗansu suka koma gida, waɗansu suka shiga sayen fata da gyaɗa suna sayar wa kamfanonin Turawa. Amma ciniki ya riga ya bar cikin birni ya koma waje, kusa da tashar jirgi. Can kamfanoni suka gina kantunansu, can Kwarori mutanen Sham da Lubnan suka zauna, har wurin ya sami sunan Kantin Kwari. Gyaɗa ta ɗaukaka waɗansu sababbin attajirai, irin su Alhassan Ɗantata, da Saul Raccah, Bayahuden Tarabulus wanda ya gane tun da wuri cewa arziki ya koma bakin dogo. Dandali ya zama unguwar kwana kurum.

Abin mamaki, mutanen Italiya su ma sun ga irin wannan a wani gefen duniya. Tsakanin 1880 da 1920 kimanin miliyan 4 daga cikinsu talauci ya kora zuwa Amurka. A birnin New York suka cika wata unguwa a titin Mulberry, da kantunansu da majami'unsu da harshensu, har aka kira ta Ƙaramar Italiya. Cikin 1924 Amurka ta yi dokar rage shigar baƙi, sababbin zuwa suka yi ƙaranci. 'Ya'yan na farko suka yi ilmi suka sami aiki, suka ƙaura bayan gari, mutanen Sin suka maye gidajen. Abin da ya rage shi ne 'yan gidajen abinci, da bikin San Gennaro da a ke yi kowane Satumba tun 1926. Unguwar baƙi da hanya ta ke rayuwa. Muddin sababbin mutane da wasiƙu da kaya suna zuwa daga gida, tana nan da ranta. Ran da hanyar ta toshe, jikoki su kan zama 'yan gari.

Haka ya faru a Kano. Zuriyar Larabawan Dandali ba su ɓace ba, Kanawa ne a yau, akwai malamai da 'yan kasuwa da ma'aikata a cikinsu, waɗansu gidajen suna riƙe da sunayen kakanninsu. Can Gadamus kuma mutane sun bar tsohon garin sun koma sababbin gidajen da gwamnati ta gina, cikin 1986 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Mai sayen gurasa a bakin Jakara da ƙyar zai tuna raƙumi ne ya kawo ta. Wanda ke da tsohuwar wasiƙa ko littafi a kan takarda mai wata uku a gidan kakansa, ko a Kano ko a Gwandu ko a Argungu, ya kamata ya adana ta kada gara ta ci, gama ita ce shaidar wannan hanya. Allah ya jiƙan waɗanda suka bi ta, 'ya'ya da bayi, amin.