Sauri da Guzuri: Yadda Napoleon Ya Ci Turai da Yadda Ta Kuɓuce Masa

Tsakanin shekarar 1793, lokacin da sunansa ya fara fitowa a yaƙin birnin Toulon, da shekarar 1815, lokacin da aka karya rundunarsa ta ƙarshe a Waterloo, Napoleon Bonaparte ya jagoranci sojojin Faransa a fagen fama fiye da sau hamsin, kuma a 'yan kaɗan ne aka rinjaye shi. Duk da haka ya bar Faransa da iyakokin da ba su kai waɗanda ya same ta da su ba, saboda haka ƙidayar nasarori kaɗai ba ta isa ta bayyana tarihinsa na soja ba. Wanda ya bi yaƙe-yaƙen ɗaya bayan ɗaya zai ga cewa salonsa ya rataya ne a kan sharuɗɗa biyu, wato ƙasa mai yalwar abinci wadda runduna za ta ratsa da sauri tana ci daga rumbunanta, da kuma sarki abokin gaba wanda zai nemi sulhu da zarar an karya sojojinsa a wuni ɗaya. Duk inda sharuɗɗan nan suka cika ya yi abin al'ajabi, duk inda ɗayansu ya ɓace kuwa nasararsa ba ta haifar masa da komai ba.

An haife shi a garin Ajaccio na tsibirin Kosika ranar 15 ga Agustan 1769, shekara ɗaya bayan da tsibirin ya koma hannun Faransa, ya yi karatu a makarantun soja na Brienne da Paris, sannan ya fito a 1785 a matsayin ƙaramin hafsa a sashen igwa, wato manyan bindigogin da dawakai ke ja. A ƙarƙashin tsohuwar sarauta da wuya ɗan ƙaramin gidan sarauta marar dukiya irinsa ya yi nisa, amma juyin juya halin 1789 ya sa hafsoshi 'ya'yan sarauta da yawa suka tsere daga ƙasar, sai muƙamai suka buɗe wa masu ƙwazo. A Toulon, wadda masu goyon bayan sarauta suka miƙa wa jiragen yaƙin Ingila, shi ne ya nace cewa makullin birnin yana kan wani tudu da ke kallon tashar jiragen, domin da zarar an girke igwogi a kansa dole jiragen su fice. Haka kuwa aka yi a Disambar 1793, aka ba shi muƙamin birgediya janar yana ɗan shekara 24.

Juyin juya halin ya gadar masa da kayan aikin da janarorin sarakunan Turai ba su da irinsa. Sojojin sarakuna ƙwararru ne da ake biya, horar da su na da tsada, kuma ana tsoron barinsu su bazu neman abinci kada su gudu, don haka rundunoninsu suna tafiya a hankali daga wannan ma'ajiyar hatsi zuwa waccan. Faransa kuwa ta yi shelar gayya ta ƙasa baki ɗaya a 1793, sannan ta kafa dokar ɗaukar samari aikin soja dole a 1798, ta sami mayaƙa masu yawa waɗanda ke kwana ba tanti, suna karɓar abinci daga garuruwan da suka ratsa. Irin wannan runduna tana da halin fara, dole ta yi ta gaba, domin in ta daɗe a wuri ɗaya za ta cinye shi ta faɗa cikin yunwa.

Arewacin Italiya ne ya fara nuna amfanin wannan tsari. A bazarar 1796 Napoleon ya karɓi runduna mai mutum kusan 40,000 waɗanda ba su da isasshen abinci ko takalma, ya kutsa tsakanin sojojin Ostiriya da na masarautar Piedmont, ya hana su haɗuwa, ya bugi kowanne shi kaɗai, har Piedmont ta fita daga yaƙin cikin kimanin mako biyu. Sau huɗu Ostiriya tana aiko runduna don ceto birnin Mantua da ya yi wa ƙawanya, sau huɗu yana tarwatsa ta, ta ƙarshe a Rivoli a Janairun 1797, kafin a sa hannu a yarjejeniyar Campo Formio a Oktoba. Kwarin kogin Po na daga cikin wurare mafi albarkar noma a Turai, shi ya ciyar da sojojin, kuma harajin dole da kayan tarihin da aka kwasa zuwa Paris sun nuna tun da wuri cewa mutanen ƙasar da aka ci ne za su riƙa biyan kuɗin cin da aka yi musu.

Masar ce ta fara bayyana iyakar salon, ko da yake mutanen Faransa na lokacin ba su gane ba. Ya sauka kusa da Iskandariyya a farkon Yulin 1798 da sojoji sama da 30,000, da nufin yi wa hanyar Ingila zuwa Indiya barazana, ya tarar da ƙasar a hannun Mamalik, wato mayaƙan dawaki waɗanda asalinsu bayi ne da aka sayo, suna mulki da sunan daular Usmaniyya ta Turkawa. Ranar 21 ga Yuli, a Imbaba da ke gefen Alƙahira, ya tsara sojojin ƙasa cikin manyan murabba'ai, kowane gefe yana fuskantar waje da bindigogi, igwogi kuma a kusurwoyi, ta yadda sukuwar mahayan Murad Bey ba ta sami kafar shiga ba. Amma ranar 1 ga Agusta, Nelson, kwamandan jiragen Ingila, ya nutsar ko ya kama 11 daga cikin manyan jiragen yaƙin Faransa 13 a gaɓar Abu Ƙir, rundunar da ta ci Masar ta wayi gari ba ta da hanyar komawa gida. Napoleon ya yi shela da Larabci yana nuna girmama Musulunci, ya kafa majalisar malamai a ƙarƙashin Shaikh Abdullahi al-Sharƙawi, amma malamin tarihi Abdurrahman al-Jabarti, wanda ya ga abubuwan da idonsa, ya yi wa shelar kaca-kaca ta fuskar ma'ana da ta nahawu. Da mutanen Alƙahira suka yi bore a Oktoba saboda haraji, an yi wa unguwar Azhar ruwan igwa, sojoji suka shiga masallacin da dawakansu, kuma wannan aika-aika ta rushe duk wata amana da shelar ta nemi ginawa. A farkon 1799 ya nufi Sham, ya sa aka kashe dubban fursunonin yaƙi a Yafa bayan sun ajiye makamai, laifin da babu hujjar soja da za ta wanke shi, sannan ya tsaya wata biyu a bakin ganuwar Akka, inda Ahmad Pasha al-Jazzar ya ƙi miƙa wuya, jiragen Ingila suka kame manyan igwoginsa a teku, annoba kuma ta kama sojojinsa. Ya bar rundunar a Masar a watan Agusta, ya koma Paris ya yi juyin mulki a Nuwamba. Waɗanda ya bari a baya sun miƙa wuya a 1801.

Bayan ya naɗa kansa sarkin sarakuna ranar 2 ga Disambar 1804, ya sami ikon tsara sojojin ƙasar gaba ɗaya yadda yake so. Ya raba su zuwa ƙananan rundunoni, kowace a ƙarƙashin mashal ɗinta, da sojan ƙasa da mahaya da igwogi nata na kanta, ta yadda za ta iya riƙe abokan gaba wuni guda har 'yan uwanta su iso. Kowace tana bin hanyarta daban don abincin ƙauyuka ya wadace ta, amma ba ta nisa da sauran fiye da tafiyar kwana ɗaya ko biyu, Mashal Berthier kuma yana mayar da nufin maigidansa umarni a rubuce. A 1805 rundunoni bakwai suka taso, mafi yawansu daga gaɓar tekun da ke kallon Ingila, suka zagaye Janar Mack na Ostiriya a Ulm kafin ya fahimci inda suke, ya miƙa wuya da sojoji sama da 20,000 ranar 20 ga Oktoba. A Austerlitz, ranar 2 ga Disamba, Napoleon ya bar tudun Pratzen da gangan, ya raunana ɓangarensa na dama don ya yaudari sarakunan Rasha da Ostiriya su sauko kansa, yana sane cewa Mashal Davout na tafe daga Vienna, tafiyar fiye da kilomita 100 cikin kusan kwana biyu. Da suka sauko, sai sojojin Mashal Soult suka haye tudun da suka bari suka raba rundunarsu biyu. Ostiriya ta sa hannu a sulhu kafin watan ya ƙare, shekara ta gaba kuma aka karya Furusiya, wato daular Jamusawa mai hedikwata a Berlin, a Jena da Auerstedt ranar 14 ga Oktoba.

Sai dai kwana ɗaya bayan faɗuwar Ulm, Nelson ya hallaka jiragen Faransa da na Sifaniya a Trafalgar, Ingila ta zama ƙasar da babu ƙafar da za ta kai gare ta. Napoleon ya koma ga takunkumi, ya yi doka a Berlin a Nuwambar 1806 cewa kada wata tashar jiragen ruwa a Turai ta karɓi kayan Ingila, kuma tun da takunkumi ba ya aiki sai an toshe kowace kafa, dokar ta jawo shi zuwa ƙasashen da salonsa ba ya ci. Ya aika sojoji Fotugal a 1807, ya ɗora wansa Joseph a gadon sarautar Sifaniya a 1808, ya sami ƙasa mai duwatsu da ƙarancin abinci wadda ba ta da sarkin da za a tilasta wa sa hannu, domin shi da kansa ya tsige shi. Talakawa da limaman coci suka shiga yaƙin sari-ka-noƙe, suna tare 'yan aike da masu neman abinci, a 1810 kuma yunwa ta ci sojojin Mashal Masséna a gaban ganuwoyin Torres Vedras da Wellington, kwamandan sojojin Ingila, ya gina don kare birnin Lisbon na Fotugal. Sojojin Faransa sama da 200,000 suka maƙale a can shekara da shekaru.

A Rasha sharuɗɗan biyu suka ɓace a lokaci ɗaya. Adalci ne a ce ya san haɗarin, domin ya tanadi ma'ajiyoyi da dubban kekunan dawaki kafin ya ƙetare kogin Niemen ranar 24 ga Yunin 1812 da sojoji sama da 400,000, kusan rabinsu ba Faransawa ba. Amma kekunan ba su iya bin saurin rundunar a kan hanyoyin taɓo da ƙura ba, dawakai suka yi ta mutuwa tun makonnin farko saboda rashin harawa, zazzaɓi da atini suka kama mutane, janarorin Rasha kuma, Barclay de Tolly da farko sannan Kutuzov, suka yi ta ja da baya suna ƙone abin da ba su iya ɗauka ba. Yawanci ana ɗora laifin a kan hunturu, alhali rundunar tsakiya ta ragu zuwa kusan 130,000 tun kafin sanyi ya sauko, lokacin da aka gwabza a Borodino ranar 7 ga Satumba, inda waɗanda aka kashe ko aka raunata daga ɓangarorin biyu suka kai kimanin 70,000 ba tare da rundunar Rasha ta watse ba. Ya shiga Mosko ranar 14 ga wata, gobara ta cinye mafi yawan birnin, ya zauna mako biyar yana jiran amsar Sarkin Rasha Alexander na Ɗaya wadda ba ta zo ba. Da ya juya a Oktoba, artabun Maloyaroslavets ya mayar da shi kan hanyar da sojojinsa suka riga suka cinye, yunwa ta haɗu da ƙanƙara da mahayan Kosak na Rasha, kuma bayan ƙetare kogin Berezina a ƙarshen Nuwamba ɗan ƙaramin kaso ne na rundunar ya kai bakin iyaka.

Dokar aikin soja dole ta ba shi sababbin samari a 1813, amma ba ta ba shi horarrun dawakai ba, shi ya sa ya ci nasara a Lützen da Bautzen ya kasa bin waɗanda ya kora. Abokan gabansa kuma sun yi karatu a hannunsa: Furusiya, a ƙarƙashin jagorancin janarorinta Scharnhorst da Gneisenau, ta kwaikwayi tsarin ƙananan rundunoni da gayyar ƙasa, ƙawancen ƙasashen da ke yaƙarsa kuma ya amince a kauce wa Napoleon a duk inda yake, a far wa mashal-mashal ɗinsa, har aka taru a kansa a Leipzig daga 16 zuwa 19 ga Oktoba da sojoji sama da 300,000, shi kuwa nasa ba su kai 200,000 ba. A Fabrairun 1814 ya sake nuna tsohuwar gwanintarsa a cikin Faransa, amma ƙawancen ya bar shi a baya ya kama Paris, ya yi murabus a Afrilu aka kai shi tsibirin Elba.

Da ya dawo a Maris na 1815 ya sake jarraba dabarar da ta yi masa aiki a Italiya, ya kutsa Beljiyam tsakanin Wellington da Blücher na Furusiya. Ya karya Blücher a Ligny ranar 16 ga Yuni, ya tura Mashal Grouchy da mutum kusan 33,000 su bi sawunsa, amma sojojin Furusiya suka ja da baya ta arewa don kada su rabu da abokan ƙawancensu, kuma ranar 18 ga wata, yayin da ruwan sama ya jinkirta fara faɗa, Wellington kuma ya riƙe tudunsa a Waterloo har la'asar, suka ratsa taɓo suka faɗo wa Faransawa ta dama. Yarjejeniyar Paris ta Nuwambar 1815 ta mayar da Faransa kan iyakokinta na 1790, ta ɗora mata diyyar faran miliyan 700, sojojin ƙawance kuma suka zauna a yankunanta har 1818. Napoleon ya miƙa kansa ga Ingila, aka tsare shi a tsibirin Saint Helena da ke kudancin tekun Atlantika, inda ya rasu ranar 5 ga Mayun 1821.