Idan mai gida ya kashe ɗan fashi, jinin a wuyan wa yake?

Tambayar wannan makon ba baƙuwa ba ce ga mutumin Ruwan Godiya, ko na Ƙanƙara da Sabuwa. 'Yan bindiga sun shigo gari da dare, mai gida ya yi ta maza ya kashe ɗaya, an kama ɗaya da rai. Wa doka za ta tambaya jinin mamacin?

Turawan Ingila suna da wata tsohuwar ƙa'ida: wanda ya fita aikata babban laifi irin fashi, duk ran da ya salwanta a ciki kisan kai ne a kansa, ko da bai yi niyya ba. Su da kansu sun soke ta a 1957, amma ta riga ta yi saiwa a Amurka. A can ne aka ja ta har inda ta kusa tsinkewa. A 1955 kotun ƙolin jihar Pennsylvania ta ce idan mai kanti ya harbe ɗaya daga cikin 'yan fashi biyu, ana iya tuhumar wanda ya tsira da kisan abokinsa. A 1958 kotun ta janye wannan matsayi. A 1965 ta Kalifoniya ta duba shari'ar mai gidan mai da ya harbe ɗan fashi a Los Angeles, ta ce kisan da ba ɗan fashi ko abokinsa ne ya yi ba, ba a ɗora musu shi ta wannan ƙa'ida. Har yau kan jihohinsu a rabe yake.

Mu namu tarihin wata hanya ya bi. A fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu suka yi aiki da shi tun kafin zuwan Bature, wanda ya kawo maka hari bai tunkuɗu ba sai da kisa, jininsa ya tafi a banza, ba ƙisasi ba diyya. Tsananin yana wani wajen: idan taron 'yan fashi suka kashe mutum, hukuncin kisa ya hau kansu duka, ko da hannun ɗaya ne ya yi.

Dokar Final Kod da ta fara aiki a Arewa a 1960, wadda aka ɗauko tsarinta daga ta Sudan, ita ma ba ta kwaso ƙa'idar Ingila ba. Niyya take dubawa, da haɗa baki. Saboda haka ɗan fashin da aka kama, laifin fashinsa ya ishe shi, tun da dokar soja ta 1970 ta sa fashi da makami hukuncinsa kisa ne.

To a nan ne abin ya shafe mu, domin idon doka kan juya ne kan mai gida. Ta ba shi damar kare kansa da dukiyarsa har da kisa idan fashi ne, ko fasa gida da dare, ko satar mutum. Amma da sharaɗi: kada ya wuce abin da kariyar ke buƙata, kuma ya zama babu halin neman hukuma. (Wanda ya san tazarar ƙauyukanmu da ofishin 'yan sanda mafi kusa, ya san yadda sharaɗi na biyun yake a aikace.)

Manomin nan na Adamawa, Sunday Jackson, a sharaɗi na farko ya faɗi. Ya ce makiyayi ne ya far masa da wuƙa a gona, ya ƙwace ta ya soke shi. Babbar kotu a Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Maris 2025, bisa cewa da wuƙar ta dawo hannunsa yana da damar gudu. A ganinmu, auna wannan 'yar daƙiƙa daga kan kujerar kotu ya fi sauƙi a kan auna ta a cikin gona.

A 2021 Gwamna Masari ya fito fili ya ce mutane su nemi makami su kare kansu. A Oktoban 2023 Gwamna Radda ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma. Duk da haka sharuɗɗan nan biyu suna nan daram. Wanda ya harbi ɗan bindiga a ƙofar zaurensa ana tsakiyar hari, doka na bayansa. Wanda ya bi sawu da gari ya waye, ya tarar da wani a ruga ko a kasuwa ya kashe shi, tuhumar kisan kai ce ke jiransa, ko da shanunsa ne aka kora daren jiya.