Asalin Sir Lord Baltimore, Makaɗan da Aka Fara Yabo da Sunan Heavy Metal

A birnin New York na ƙasar Amurka akwai wata babbar unguwa da ake ce wa Brooklyn, mazaunin ma'aikata da 'ya'yan baƙi waɗanda kakanninsu suka ƙetaro teku daga Turai. A nan ne, cikin shekarar 1968, wasu samari uku da suka san juna tun suna sakandare suka haɗa kai don yin kiɗa. Ɗaya sunansa John Garner, shi ne mai ganguna. Na biyu Louis Dambra, mai jita. Na uku Gary Justin, mai jitar nan ta bes, wadda amonta ke fitowa da kauri ta riƙe gindin kiɗa. Su uku ne rak, ba mai busa, ba mai fiyano, ba 'yan amshi.

Abin da ya fara bambanta su da sauran makaɗa shi ne ba su da mawaƙin da zai tsaya a gaba. A al'adar kiɗan rok, mawaƙi shi ne fuskar ƙungiya, shi ke riƙe makirufo yana kai da kawowa a kan dandamali, mai ganguna kuwa yana can baya ba a ko ganinsa sosai. Su waɗannan sai suka juya lamarin: Garner na zaune a bayan gangunansa, hannu biyu da ƙafa biyu duk suna aiki, a lokaci guda kuma shi ke rera waƙa. Ba kuma rerawa ce ta lallaɓa ba, ihu ne da kururuwa har jijiyar wuya ta tashi. Duk wanda ya taɓa gwada magana yana gudu ya san abin da wannan ke ci na numfashi.

Suna nan suna ta gwaji sai suka gamu da wani mutum mai suna Mike Appel, marubucin waƙoƙi wanda ke neman sabbin makaɗa. Ya saurare su, ya ga da abin yi a nan, ya ɗauke su a hannu. An ce shi ne ya ba su sunan da suka shiga duniya da shi, daga fim kuma ya samo shi. A 1969 an fitar da wani fim ɗin kaboyi mai suna Butch Cassidy and the Sundance Kid, wanda Paul Newman da Robert Redford suka fito a matsayin 'yan fashin jirgin ƙasa. Cikin masu farautarsu akwai wani gwanin bin sawu, Ba'indiyen Amurka, da ake kira Lord Baltimore, wanda aka ce ko a kan dutse mutum ya taka sai ya gano inda ya bi. Aka ɗauki wannan suna, aka ƙara masa Sir a gaba don ƙarin girma. Ga shi nan, samarin Brooklyn da ba su da wata alaƙa da birnin Baltimore, balle sarautar Ingila, sun tashi da suna mai laƙabi biyu.

Appel da abokin aikinsa Jim Cretecos suka taya su tsara waƙoƙi, suka kai su wani sutudiyo mai suna Vantone a jihar New Jersey, aka ɗauki faifansu na farko. Daga nan aka kai aikin Electric Lady, sutudiyon da shahararren mai jita Jimi Hendrix ya gina a New York, wanda aka buɗe a watan Agusta na 1970, 'yan makonni kafin mutuwarsa. Wanda ya daidaita sautin kuwa Eddie Kramer ne, injiniyan da ya yi wa Hendrix aiki, ya kuma sa hannu a faifan ƙungiyar Led Zeppelin na biyu. Manajansu kuwa Dee Anthony ne, mutumin da ke riƙe da manyan makaɗa irin su Humble Pie. Kamfanin Mercury ya buga faifan a ƙarshen 1970 da sunan Kingdom Come. Idan aka dubi waɗannan sunaye, ba za a ce samarin sun rasa gata ba.

Faifan yana da waƙa 10, kuma tara daga ciki ba sa barin kunne ya huta. Waƙar farko, Master Heartache, da jitar bes take buɗewa, an murɗe mata ƙara har amonta ya dushe yana ƙurji, kafin ganguna da jita su afko. Dambra ba ya kaɗa jita sau ɗaya ya bari. Sai ya kaɗa, a ɗauka, ya sake kaɗa wani a kai, a sake ɗauka, har mai sauraro ya ji kamar jita uku ko huɗu ne ke rige-rige, wata ta kunnen dama, wata ta hagu. Saurin kiɗan ma ya sha bamban da na zamanin. Black Sabbath na birnin Birmingham, waɗanda suka fitar da faifansu na farko a watan Fabrairu na wannan shekara, nauyi suke ba kiɗa, suna jan sa a hankali don ya ba da tsoro. Su Garner kuwa gudu suke yi kamar an biyo su, har wani lokaci a ji kiɗan na neman kuɓuce musu, sai su cafko shi. Waƙa ɗaya ce tak mai sanyi, Lake Isle of Innersfree, wadda aka yi da wani tsohon kayan kiɗan Turawa mai kama da fiyano. A gaskiya ita ce mafi rauni a faifan, amma dai tana ba mutum damar shan ruwa.

A ranakun 19 da 20 ga Fabrairu, 1971, aka sa su share fage a Fillmore East, shahararren gidan kiɗa na New York, kafin J. Geils Band da Black Sabbath su hau dandamali. Wannan shi ne ƙololuwar abin da suka kai a idon jama'a.

To, yanzu ga abin da ya sa har gobe ba a iya ba da tarihin wannan kiɗa ba tare da an ambace su ba. A wancan lokaci irin wannan kiɗa mai ƙara ba shi da wani tsayayyen suna, kowane marubuci da abin da yake kiransa. Kalmomin nan biyu, heavy metal, sun daɗe suna yawo: masana kimiyya na amfani da su ga ma'adanai irin su dalma, marubuci William Burroughs ya sa su cikin littattafansa a farkon shekarun 1960, sun kuma fito a waƙar Born to Be Wild ta ƙungiyar Steppenwolf a 1968, inda ake zancen rugugin babura. Sai wani matashi mai suna Mike Saunders, ɗan jihar Arkansas, wanda bai ko cika shekara 20 ba, ya riƙa manna su ga kiɗa a sharhinsa. A watan Nuwamba na 1970 ya rubuta su a mujallar Rolling Stone yana kushe wani faifan Humble Pie, wato a matsayin zagi. Wata shida bayan haka, a fitowar Mayu 1971 ta mujallar Creem ta birnin Detroit, ya yi sharhin Kingdom Come, ya ce waɗannan samari sun laƙanci kusan duk dabarun heavy metal. A wannan karo yabo ne, kuma an faɗe shi kamar sunan wani nau'in kiɗa da kowa ya sani. Marubutan Creem, musamman Lester Bangs, suka ci gaba da amfani da shi har ya zauna. Shi kansa Saunders sai aka riƙa ce masa Metal Mike.

Sai dai a gidan Sir Lord Baltimore aka raɗa sunan, maƙwabta suka cinye ragon. Black Sabbath da Led Zeppelin da Deep Purple suka kwashe kasuwa, suka sayar da miliyoyin faya-fayai. Kingdom Come kuwa bai yi wani ciniki ba.

Faifai na biyu ya fito a cikin 1971 ɗin, da sunan ƙungiyar kawai. Sun ƙaro Joey Dambra, ɗan'uwan Louis, a matsayin mai jita na biyu, Appel kuma ba ya cikin aikin. Suka rage gudu, suka tsawaita waƙoƙi, har ta farko, Man from Manhattan, ta kai wajen minti 10. Ba faifan banza ba ne, amma abin da ya sa na farko ya fita daban, wato wannan gaggawa marar birki, shi ne suka ajiye, suka koma kama da wasu makaɗa da dama na lokacin. Ciniki bai gyaru ba, Mercury ta sallame su. Daga baya su da bakinsu sun ce miyagun ƙwayoyi na cikin abin da ya kayar da su, ga kuma rashin kasuwa. Appel kuwa a 1972 ya ɗauki wani matashin mawaƙi ɗan New Jersey mai suna Bruce Springsteen, wanda daga baya ya shahara ƙwarai. Su Garner sun taɓa yunƙurin faifai na uku a tsakiyar shekarun 1970, suka rubuta waƙoƙi, amma ba kamfanin da ya waiwaye su, abin ya watse a 1976.

Shekara kusan 20 ba a jin ɗuriyarsu sai a shagunan tsofaffin faya-fayai. A farkon shekarun 1990 wani salo ya taso a Amurka da ake kira stoner rock, na makaɗa irin su Kyuss da Monster Magnet, masu son tsohon amon jita mai ƙurji na 1970. Masu bin wannan salo suka shiga tonon tsofaffin faya-fayai, suka ci karo da Kingdom Come, suka ɗauke shi kakan abin da suke yi. A 1994 kamfanin PolyGram ya haɗa faya-fayan biyu a CD guda ya sake fitarwa. Har a Japan aka samu wata ƙungiya, Church of Misery, da ta sake kaɗa Master Heartache.

Ganin an tuna da su, Garner da Louis Dambra suka sake haɗuwa, suka zaƙulo waƙoƙin nan da suka rubuta a shekarun 1970, suka fitar da su a 2006 da sunan Sir Lord Baltimore III Raw. A tsakanin nan su biyun sun rungumi addinin Kirista sosai, Dambra ma ya zama fasto, don haka suka sauya baitocin suka mai da su na wa'azi, kiɗan kuwa suka bar shi da ƙararsa. Ba wani babban kamfani a bayansu a wannan karo, Garner ne ya buga faifan da ɗan ƙaramin kamfaninsa, JG Records. Gary Justin bai shiga aikin ba. Garner ya mutu a watan Disamba na 2015 sakamakon ciwon hanta, kuma ba a sake fitar da wani sabon faifai da sunan ƙungiyar ba.