Maƙabartu da Kufan Barikokin Kuza a Ƙasar Jos

Tun kafin zuwan Turawa mutanen Liruwen Kano da na Liruwen Dalma sun san kuza. Suna wanke ta a rafi, su narke ta, su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni. Waɗannan tsinkaye ne suka jawo hankalin Kamfanin Neja, har ya aiko da George Nicolaus cikin 1902 ya nemi asalinsu. Cikin 1903 H. W. Laws ya biyo bayansa, ya sauka Tilden Fulani, daga baya ya kafa sansani a Naraguta. Ba a jima ba aka raba ƙasar ga kamfanoni, sana'ar maƙeran Liruwe kuwa ta mutu.

Aikin kuza aiki ne na hannu da yawa, mutanen ƙasar kuwa, watau Birom da maƙwabtansu, da fari gonakinsu suka fi damunsu. Saboda haka aka nemo leburori daga Kano da Zazzau da Bauci da Barno. Ƙaramin jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya ya iso Jos da Bukur cikin 1914, ya ƙara sauƙaƙa zuwansu. Kowane kamfani ya yi wa mutanensa bukkoki kusa da ramin da suke haƙa, aka kira wurin bariki. Kalmar aro ce daga Turanci, asalinta mazaunin soja, amma a bakin Bahaushe ta yi 'ya'ya: ga ɗan bariki, ga barikanci, duka kuwa ba yabo ba ne. Sunayen ƙauyukan ma shaida ne, kamar Barikin Ladi da Gindin Akwati da Dorowa Babuje. Ladi suna ne na macen da aka haifa ran Lahadi. Birom kuwa Gwol suke ce wa wurin, har yau kuma sunan da mutum ya zaɓa ya faɗa yakan nuna ɓangaren da yake.

To, inda mutane suka zauna nan suke mutuwa, kowane bariki da maƙabartarsa a gefe. Amma kaburbura ba su yi daidai wajen riƙe labari ba. Bature in ya mutu akan kafa masa dutse, a sassaƙa sunansa da shekarunsa, mai bincike ya zo bayan shekara ɗari ya karanta. Har cocinsu na Jos sunan Piran suka sa masa, waliyyin masu haƙar kuza na Konwal a Ingila. Lebura Musulmi kuwa akan kwantar da shi bisa hannun dama yana fuskantar alƙibla, a jera itace ko fasassun tukwane, a mai da ƙasa, a tara ɗan tudu. Ba suna, ba kwanan wata. Damina biyu ko uku ta ƙasar Jos ta isa ta shafe tudun. Wannan ba sakaci ba ne, bin sunna ne, amma sakamakonsa ga mai tarihi shi ne waɗanda suka fi yawa a wurin aikin su ne suka fi ƙarancin alama.

Abin ya fi tsanani game da mutanen da aka kawo lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da Japan ta cinye Malaya cikin 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙarta, sai ta juyo kan Nijeriya. Daga 1942 zuwa 1944 aka aza wa En'e-En'e na Lardunan Arewa kawo mutane tilas, abin da talakawa suka kira ɗiban gwamna. Cikin 1943 kuzar da aka fitar ta haura ton 17,000, ba a taɓa kai haka ba. Mutanen da aka ɗebo daga ƙasashe masu zafi suka tarar da sanyin dutse, ga ƙarancin abinci, ga ɗakuna marasa kirki, da yawa suka mutu da ciwon haƙarƙari da atuni. Bill Freund ya bi labarinsu cikin littafinsa na 1981 a kan jari da ƙwadago a mahaƙan kuza. Su baƙi ne na 'yan watanni, ba su bar dangi a barikin ba balle a sami mai nuna inda aka sa su.

Abin da aka adana daban ne. Gidan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa cikin 1952, ya samo asali daga gumakan yumɓu na Nok waɗanda masu wankin kuza suka fara tonowa cikin 1928. Watau fartanyar lebura ce ta fito da tarihin da ya haura shekara 2,000, ita kuwa ba ta sami wanda ya rubuta nata ba. An kuma ajiye kan ƙaramin jirgin nan, wanda aka daina aiki da shi cikin 1957. A karkara kuwa abin da ido ke gani shi ne tsibin ƙasa da kududdufai masu zurfi, waɗanda yanzu ake noman rani a bakinsu, wani lokaci kuma su ci yara da dabbobi.

Da farashin kuza ya faɗi a kasuwar duniya cikin 1985, manyan kamfanoni suka janye, barikoki suka zama ƙauyukan manoma da 'yan tireda. Maƙabarta ba ta da mai tsaro sai jama'ar da ke binne nasu a cikinta. Tun rikicin Jos na 2001 da waɗanda suka biyo bayansa, mutane da yawa na kowane ɓangare sun tashi daga inda aka haife su, inda aka tashi kuwa garma ba ta daɗewa ba ta shiga. Ga kuma masu haƙar loto, waɗanda ke bin kuza duk inda ta nufa. Dattawan da suka yi aiki a ƙarƙashin kamfani, waɗanda za su iya tsayawa su ce daga wannan dutse zuwa waccan bishiya maƙabarta ce, yawancinsu sun haura shekara 70. Malaman kwalejojin horon malamai da ke aika ɗalibai tattara labarun gargajiya suna iya sa wannan cikin abin da za a tambaya: sunan barikin da Hausa da Birom, kamfanin da ya kafa shi, garuruwan da leburorin suka fito, da iyakar maƙabartar ta fuska huɗu.