Waiwaye a kan Tarihin Samar da Lafiyayyun Gidaje a Kubwa

1.0 Gabatarwa

A wurin Bahaushe, gida ya haɗa da rijiya da makewayi da kwata da juji, bayan bango da rufi. Shi ya sa a zamanin En'e duba-gari suke bin gida-gida suna leƙa randa da masai. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda aka gina Kubwa, domin a ga wanda ya zuba kuɗin ginin da wanda aka bari da ɗawainiyar tsabtarsa.

2.0 Asalin Garin

Kubwa tsohon ƙauye ne na al'ummar Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. A watan Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa Yankin Babban Birnin Tarayya bisa Dokar Soja mai lamba 6, da niyyar kwashe dukkan mazauna yankin a sake masu matsuguni a waje. Tsadar diyya ta sa gwamnatin Janar Obasanjo ta sauya shawara a 1978, aka tsai da cewa waɗanda aikin birni ya biyo ta kansu kaɗai za a tayar. Ta haka ne daga baya aka tsugunar da mutanen Maitama da Kukwaba a Kubwa, inda unguwanninsu suka riƙe tsofaffin sunayensu.

3.0 Kuɗin Gini

Unguwannin Kubwa masu tsari aikin gwamnatin tarayya ne. Hukumar Raya Birnin Tarayya ta gina gidajen ma'aikata, ita kuma Hukumar Gidaje ta Tarayya, wadda aka kafa a 1973, ta gina nata rukunin. Da aka maido fadar gwamnati daga Ikko ranar 12 ga Disamba 1991, sai jama'a suka yi ta kwararowa fiye da yadda gidajen za su ɗauka. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda ya tanadi a riƙa cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ya ba shi rance. To amma tsarin mai albashi ya duba. Birkila da ɗan ga-ruwa da ɗan tireda, waɗanda garin ba ya tafiya sai da su, sai suka sayi filaye a hannun masu unguwanni, suka yi gini ba magudanar ruwa, wasu ma a bakin kogin Usuma inda ambaliya ke ci da damina.

4.0 Matsayin Ƙaramar Hukuma

Sai a 1996 aka ƙirƙiro Ƙaramar Hukumar Bwari, wadda Kubwa ke ƙarƙashinta, wato bayan garin ya riga ya cika ya batse. Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kwashe shara da kula da makewayin jama'a da sa wa gidaje lamba. Sai dai shi wannan kundi ya mallaka wa gwamnatin tarayya dukkan filayen yankin Abuja. Ke nan ƙaramar hukuma ba ta da ikon yanka fili, balle ta tsara unguwa, alhali ita ake tuhuma in kwata ta toshe. Kuɗin shigarta kuwa, albashi ne ke lashe kaso mai tsoka. A 2025 malaman firamare na ƙananan hukumomin Abuja shida sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a kan mafi ƙarancin albashi. Rusau ɗin da aka yi zamanin minista Malam Nasiru El-Rufa'i, tsakanin 2003 da 2007, ya kawar da gine-gine da dama a Kubwa, amma waɗanda abin ya shafa ƙauyukan kewaye suka koma, suka sake yin irin ginin da aka rushe.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: fili da asusun gini suna hannun tarayya, shara da kwata suna wuyan ƙaramar hukuma. Muddin ba a haɗa ikon tsara fili da kuɗin tsabtace shi a wuri ɗaya ba, mazaunin Kubwa zai ci gaba da biyan kuɗin haya a gida, yana biyan kuɗin maganin zazzaɓin cizon sauro a asibiti.