Ina Tarihin Mai Hauya a Ƙasar Arewa?

In aka ce tarihin Arewa, abin da ke fara zowa a baki shi ne sarauta: Sarauniyar Lugu, Bauran Bagaji, Sarkin Arewa a Matankari, Samna a Tibiri. Littafin da Marc-Henri Piault ya fitar a 1970 kan tarihin Mawri ya bi asalin gidajen sarauta. Abdoulaye Mamani ya rubuta labarin Sarauniya Mangu a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. Duk wannan daidai ne. Amma hatsin da mayaƙan Lugu suka ci kafin su tari rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899, wa ya noma shi? Wannan mutumin, wanda bai da gangar kirari, shi nike nema a wannan 'yar takarda.

A Ingila, mai neman kakansa ɗan ƙwadagon gona yana da inda zai fara. Tun 1538 aka umurci majami'u su riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, kuma daga ƙidayar 1841 ana rubuta sunan kowa da sana'arsa. Talaka ne, amma ya bar sawu a takarda. A Dallol Mawri kuwa, takardar da ta fara sanin talaka ita ce ta lanho. Kumandan ya ƙidaya kawuna don ya san nawa za a karɓa, ba don jikoki su san kakansu ba.

To, rashin takarda ba rashin tarihi ba ne. Mu da ke karatun harshe mun san kalma ma rumbu ce. Dubi sunaye. Nomau an haife shi ana noma, Anaruwa ana ruwa, Tanko ya biyo 'yan mata. Kafin a ba mutum takardar haihuwa mai cewa "wajejen shekara kaza", sunansa ya riga ya faɗi lokacin zuwansa da matsayinsa a ɗakin uwarsa.

Dubi kuma kalmomin aiki. Gandu shi ne babbar gonar gida, inda uba da ɗiya da ƙanne ke aiki tare, hatsin ya shiga rumbun maigida. Gayauna, wadda wasu ke ce wa gamana, 'yar gonar saurayi ce ko ta mace, ana zuwa can in an tashi daga gandu. Gayya aikin taimakon juna ne, ladanta fura da tuwo. Ƙwadago kuwa aikin kuɗi ne. Mutumin da rumbunsa ya ƙare tun kafin sabon gero ya nuna, dole ya bar gonarsa cikin haki ya tahi noman gonar wani don ya samo tiyar hatsi. Ya ci yau, amma gonarsa ta yi baya, baɗi kuma rumbun ya fi saurin ƙarewa. Ka ga yadda mai gona ke zama ɗan ƙwadago ba tare da an ƙwace masa komi ba.

Sai shekarun da suka karya gidaje. Tsofaffi ba su cewa 1913 ko 1914, Kakalaba suke cewa. A 1931, bayan fara ta cinye amfanin gona a yammacin Nijar, yunwa ta kashe mutane da yawa, amma ba a daina neman lanho ba, kuma ana kwasar majiya ƙarfi zuwa aikin dole na hanyoyi da gine-ginen Yamai, wadda ta zama babban birni a 1926. Mutane suka yi ta tsallakawa ƙasar Ingilishi, wajen Argungu da Sakkwato. Aikin dole bai ƙare ba sai da dokar Houphouët-Boigny ta 11 ga Afrilu 1946. Bayan nan ga farin 1973 zuwa 1974, ga na 1984 da aka laƙaba wa El Buhari, don ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya, ƙofar da talaka ke bi ya tahi cin rani. Boureima Alpha Gado ya nuna a littafinsa na 1993 cewa waɗannan sunayen yunwa su ne kalandar mutanen karkara. In tsohuwa ta ce an yi mata aure shekara biyu bayan yunwa kaza, ai ta ba ka shekara.

Wani zai ce, mi ye amfanin tonon wannan? Amfaninsa na cikin gona. Tun dokar karkara ta 1993, ana iya tabbatar da mallakar gona ta hanyar gado da shaidar mutane a gaban kwamitin filaye. Gidan da kakansu ya ari gona a shekarar yunwa, ko ya jinginar da tasa don buhun hatsi, yau shari'arsu ta rataya a kan wa ke tuna yadda aka yi. Aro ne ko kyauta? Jingina ce ko sayarwa? Kalma guda ke raba mai gona da baƙo. In tsohon da ya san zancen ya rasu, mai kuɗi da mai baki su ke cin gonar.

Don haka ga abin da nike roƙon 'yan uwa ɗalibai na Dogon Dutsi da Tibiri. In an tahi hutu, a zauna da tsofaffi, maza da mata, musamman matan, don su suka fi riƙe lissafin haihuwa da mutuwa. A tambayi wa ya sare dajin, wace gona aka ara, wa ya tahi cin rani bai komo ba. A ɗauki muryarsu da salula, a rubuta da Arawcinsu yadda suka faɗa, kada a gyara musu shi zuwa Hausar Kano. A sa sunan gari da ranar da aka yi hirar, a bar kwafi guda a gidan.